Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Kimiyyar Kwamfuta Na Jihar Kebbi Kan Darasin Killace Bayanan Aji

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Malamaina masu daraja na jami'o'i da kwalejojin fasaha na jiharmu, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri a gare ku da iyalanku, ina rubuto wannan wasiƙa ne a matsayin wanda ya zauna gaban irinku ya ɗauki karatu, yanzu kuma yake cin abinci da sana'ar rubuta manhaja a Birnin Kebbi, inda nake karɓar ɗalibai masu zuwa koyon aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, da waɗanda suka kammala suna neman wurin fara aiki. Maganar da ke tafe da ni ba ta wuce darasi guda ba a cikin kwas ɗin rubuta manhaja da salon aji da abu (aji a nan shi ne tsarin da ke haɗa bayanai da ayyukan da ake yi a kansu, abu kuma shi ne wanda aka samar daga wannan tsari), wato darasin da ake koyar da kalmomin private da protected da public, waɗanda ke iyakance wanda zai iya taɓa bayanan da ke cikin aji. Na zaɓi in yi ta a bainar jama'a ne domin ɗaliban su ma su ji, domin kuma masu ba su aiki su san abin da ya kamata su riƙa tambaya.

Abin da nake gani wurin matasan da ke zuwa mini, na makarantun cikin jiha da na wajenta, har da waɗanda suka koya daga bidiyoyin YouTube, iri ɗaya ne. Kowannensu ya haddace cewa gurbin bayani a cikin aji ana rubuta masa private, wato a hana taɓa shi daga wajen ajin, kuma kowannensu yana rubutawa. Sai dai da zarar ya gama, sai ya danna maɓallin da manhajojin rubuta kod irin su NetBeans ko Eclipse suka tanada, manhajar ta zubo masa get da set, wato aikin karanta gurbi da na canza shi, ga kowane gurbi ba tare da ya tsaya ya yi tunanin ko ɗaya ba. Idan aka tambaye shi ko ya killace bayanansa, zai amsa da cikakken yaƙini cewa ya killace, ga private nan a rubuce. Alhali duk wani ɓangare na manhajar yana iya canza kowane gurbi zuwa kowace ƙima, daidai da yadda zai yi da an bar shi public, a buɗe ga kowa, tun farko. Illa dai an ƙara tsawon rubutu.

Bari in kawo misali daga irin aikin da ke zuwa mana a wannan jiha, domin aikin ƙungiyoyin manoman shinkafa na fadamun Argungu da Augie da Suru da Bunza shi ne abin da matashi mai rubuta manhaja a nan zai fi saurin cin karo da shi. Ƙungiya tana ba ɗan ƙungiya rancen taki da iri da kuɗin man injin ban ruwa, shi kuma ya biya bayan girbi, ko da tsabar kuɗi ko da buhunan shanshera. Ɗalibi zai rubuta aji mai suna AsusunManomi, ya sa gurbi mai suna bashi, ya rubuta masa private, sannan ya bi shi da setBashi. Daga wannan lokaci, shafin rajista zai iya kiran setBashi, shafin rahoto zai iya kira, haka ma wani ɗan gyaran da aka yi cikin gaggawa daren da za a nuna wa shugabannin ƙungiya aikin. Ranar da bashin wani manomi ya koma sifili ba tare da ya kawo ko buhu ɗaya ba, ko ya sauka ƙasa da sifili har ya zama ƙungiya ce ake bi, mai gyara sai ya bi fayil bayan fayil yana neman inda aka yi ɓarnar, domin kowane wuri yana da ikon yin ta.

Amma ƙungiyar tana da ƙa'idojinta tun kafin kwamfuta ta shigo: bashi ba ya raguwa sai an biya, ba a karɓar biyan da ya haura abin da ake bi, ba a ba mutum sabon rance sama da iyakar da aka yanke, kuma duk abin da ya shiga ko ya fita sai an rubuta ranarsa da sunan wanda ya karɓa. Waɗannan ƙa'idoji su ne dalilin samuwar ajin. Ajin da aka rubuta da tunani ba zai kasance da setBashi ba ko kaɗan. Zai kasance da aiki mai suna bayarDaRance wanda ke duba iyaka kafin ya ƙara, da wani mai suna karɓiBiya wanda ke ƙin adadin da bai kai sifili ba ko wanda ya wuce bashin, kowannensu kuma yana rubuta tarihin abin da ya faru a daidai lokacin da yake canza lissafin. Idan aka yi haka, wurare biyu ne kacal a duk manhajar za su iya taɓa bashin manomi, kuma wanda ke neman kuskure ya san inda zai duba. Gidan Bahaushe haka yake: baƙo yana tsayawa a zaure ya yi sallama ya faɗi buƙatarsa, a shiga a ɗauko masa abin da ya dace a ba shi. Gidan da aka gina wa katanga mai tsayi sannan aka huda ƙofa daga titi zuwa kowane ɗaki, katangarsa ba ta tsare komai ba.

Akwai wata ɓaraka da ta fi wannan ɓoyuwa, wadda ban cika ganin wanda ya zo da saninta ba. A ce ɗalibin ya fahimci maganar farko, ya cire set, amma ya bar aikin da ke miƙa jerin tarihin biyan kuɗi ga mai son nuna shi a allo. A Java, da C#, da Python, abin da ake miƙawa ba kwafin jerin ba ne, hanya ce zuwa ainihin jerin da ke cikin ajin. Saboda haka shafin rahoto, wanda aikinsa karantawa ne kawai, zai iya share layi daga tarihin manomi, ko ya sake jera shi, kuma canjin ya zauna a cikin asusun duk da private ɗin da ke rubuce a kan gurbin. Maganin ba shi da wuya: a miƙa kwafi, ko a miƙa jerin da ba ya karɓar canji, kamar yadda List.copyOf ke bayarwa tun daga Java 10. Amma ɗalibin da aka koya wa cewa kalmar da kanta ita ce kariya ba zai taɓa zargin akwai matsala a nan ba.

Ya kamata ɗalibanmu su san cewa wannan tunani bai faro daga kalmomin wani harshe ba. Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard na ƙasar Norwe su ne suka fito da aji da abu a harshen Simula 67. A shekarar 1972 David Parnas ya wallafa maƙalar da ta kafa hujjar ɓoye bayani, kuma hujjarsa ita ce a raba manhaja ta yadda kowane sashe zai ɓoye shawarar da ake jin za ta iya canzawa nan gaba, domin in ta canza kada gyaran ya watsu ko'ina. Barbara Liskov da ɗalibanta sun gina harshen CLU a kan irin wannan tunani a shekarun 1970, harshen Smalltalk na su Alan Kay kuma ya hana kowa taɓa guraben abu sai ta hanyar aika masa saƙo. Daga baya ne Bjarne Stroustrup, wanda ya fara aikin da ya zama C++ a 1979, ya yaɗa kalmomin da muke haddacewa yau, Java ta gaje su a 1995. Wato manufar ta riga kalmomin zuwa, kuma mu mun riƙe kalmomin mun saki manufar.

Hujjar Parnas tana da misali mai sauƙi a cikin asusun manomin nan. Kusan kowane ɗalibi yana ajiye kuɗi a gurbi nau'in double, saboda naira tana da kwabo. Amma kwamfuta ba ta iya riƙe yawancin ɓangarorin goma daidai a wannan nau'i, shi ya sa idan aka tara 0.1 da 0.2 ake samun 0.30000000000000004. A lissafin mutum ɗaya ba a lura, amma idan aka tara asusun 'yan ƙungiya da yawa na tsawon damina da rani, sai a wayi gari jimillar kwamfuta ta saɓa da ta littafin ma'aji, kuma a ƙungiyar da aka gina kan amana wannan ɗan saɓani ya isa ya jawo zargi tsakanin mutanen da suke sallah a sahu ɗaya. Gyaran shi ne a koma ajiye kuɗi a matsayin cikakken adadin kwabo, ko a yi amfani da BigDecimal, nau'in Java da ke riƙe ɓangarorin goma daidai. Idan gurbin a killace yake da gaske, wannan gyara na cikin aji ɗaya ne, sauran manhajar ba za ta ma san an yi shi ba. Idan kuwa kowane shafi ya saba ɗaukar gurbin ya yi lissafinsa da kansa, gyaran zai taɓa ko'ina, kuma abin da ke faruwa a zahiri shi ne a ji tsoronsa a bar kuskuren ya zauna.

Malamaina, akwai kuskure na biyu da ya fi damuna, domin shi yana iya cutar da mutanen da ba su san komai game da kwamfuta ba. Ɗalibai da yawa suna fita da imanin cewa private tsaro ne daga ɓarayin intanet. Na sha karanta babin farko na ayyukan kammala karatu inda aka rubuta cewa bayanan masu amfani suna cikin aminci saboda an killace su a aji. Wannan ba gaskiya ba ne. Kalmar tana tsare mai rubuta manhaja ne daga kuskuren kansa da na abokan aikinsa, kuma harshen ne ke tsayar da shi lokacin da yake rubutu ko lokacin da kod ɗin ke gudana. A Java akwai hanyar da ake kiran setAccessible a buɗe gurbin da aka killace, kuma manyan ɗakunan kod, wato tarin kod ɗin da wasu suka rubuta ake ara, da ake dogaro da su suna amfani da ita kullum. Sai da tsarin sassa na Java 9 ya zo a 2017, sannan Java 17 ta ƙara ɗaure shi a 2021, kafin masu harshen su iya rufe cikin gidansu daga irin wannan kutse. Bayan haka ma, bashin manomi da lambar wayarsa da lambarsa ta NIN ba a cikin aji suke kwana ba, a rumbun bayanai suke kwana. Wanda ya samu shiga rumbun, musamman idan an bar root, wato asusun da ke da cikakken iko, babu kalmar sirri kamar yadda XAMPP, manhajar kafa sabar gwaji a kwamfuta, ke zuwa da shi, ba ruwansa da abin da aka rubuta a kan gurbi. Tsaro na gaske aiki ne daban: tantance mai shiga, duba izininsa a kan sabar a kowace buƙata, rufe kalmomin sirri ta yadda ba za a iya karanta su ba, da taƙaita wanda ke isa rumbun. Tun da aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya a 2023, wanda ya tara bayanan jama'a yana da alhakin kare su a gaban doka, saboda haka rikita waɗannan abubuwa biyu a kan ɗalibi ba ƙaramin lamari ba ne.

Haka kuma ina roƙon kada a koyar da dokokin harshe ɗaya kamar su ne dokokin duniya. Java tana da matakai huɗu, har da wanda ba a rubuta masa kalma, wanda ke buɗe gurbi ga duk ajin da ke cikin kunshi ɗaya, wato rukunin azuzuwan da aka tara wuri guda, kuma protected ɗinta ma yana buɗewa ga 'yan kunshin ba ga azuzuwan da suka gaji ajin kaɗai ba, abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba. A Java da C++ killacewar ta aji ce, ba ta abu ba, don haka asusun wani manomi yana iya leƙa guraben asusun wani muddin ajinsu ɗaya. Python ba ta hana komai: layin ƙasa guda a gaban suna roƙo ne kawai cewa kada a taɓa, layi biyu kuma sauya sunan yake yi ta hanyar liƙa masa sunan ajin, wanda ya san sabon sunan zai shiga. PHP, wadda yawancin ayyukan kammala karatu ke amfani da ita, ta samu waɗannan kalmomi ne a PHP 5 a 2004. JavaScript ba ta samu guraben sirri na gaske masu alamar # a ƙa'idarta ba sai 2022, private ɗin TypeScript kuwa yana ɓacewa da zarar an juya kod ɗin zuwa JavaScript. A Dart, harshen Flutter da matasanmu ke rububin koya don manhajar waya, layin ƙasa yana killacewa ne a matakin ɗakin kod, wanda galibi fayil guda ne, ba a matakin aji ba. Wanda ya riƙe manufar zai shiga kowanne daga cikin waɗannan ya nemi kayan aikin da zai cika ta da shi. Wanda ya riƙe kalma kaɗai, ranar da ya buɗe Python bai ga private ba sai ya ɗauka babu abin da zai killace.

Ba ina cewa a killace komai ba. Akwai ajin da aikinsa ɗaukar bayani ne daga nan zuwa can, kamar suna da ƙauye da ranar rajista da ake miƙa wa shafi ya nuna, babu wata ƙa'ida da yake tsarewa. Irin wannan ba ya buƙatar ado, shi ya sa Java 16 ta kawo record, Python kuma ta kawo dataclass tun sigar 3.7, duka biyun gajerun hanyoyin rubuta irin wannan aji ne. Sanin bambancin ajin da ke tsare ƙa'ida da wanda ke ɗauke da kaya kawai yana cikin abin da nake fata a koyar.

Na san halin da kuke aiki a ciki. Na san ɗalibai sun fi kwamfutocin ɗakin gwaji yawa, wuta ba ta tabbata, kuma malami ɗaya yana duba takardun da suka fi ƙarfin mutum ɗaya. Na san dalilin da ya sa tambayar jarrabawa kan zama a lissafo matakan izini huɗu a bayyana kowanne: ita ce mai sauƙin dubawa. Abin da nake roƙo bai dogara da sabon ɗakin kwamfuta ba. A ba ɗalibai aji a rubuce a kan takarda, tare da ƙa'idar da ya kamata ya tsare, a ce su rubuta layuka uku daga wajen ajin da za su karya ta. Wannan tambaya ana amsa ta da biro, kuma wanda ya haddace ma'ana kaɗai ba zai iya amsa ta ba. A aikin aji kuma, a raba su biyu-biyu, kowa ya rubuta asusunsa, su yi musaya, kowa ya yi ƙoƙarin mayar da bashin ɗan'uwansa sifili ba tare da ya taɓa fayil ɗin ajin ba. Bayan mako biyu malami ya zo da sabuwar buƙata, ya ce daga yau kuɗi a kwabo za a ajiye shi, ko kuma ƙungiya ta fara karɓar biya da buhu, kowa ya ƙirga fayil nawa gyaran ya tilasta masa buɗewa. Ɗalibin da ya buɗe fayil ɗaya da wanda ya buɗe goma duk za su fahimci Parnas a wannan rana fiye da yadda lacca za ta fahimtar da su. Ina kuma ba da shawarar a hana amfani da maɓallin nan mai zubo get da set a zangon farko, duk set ɗin da ɗalibi ya rubuta ya kawo dalilinsa.

Wurin da hannunku ya fi ƙarfi shi ne ranar kare aikin kammala karatu. Yawancin lokaci kwamitin yana kallon allo ne, a ga shafin shiga ya buɗe, a ga rahoto ya fito, a duba tsarin babi da jerin madogara. Ina roƙon a ware minti biyar a ce wa ɗalibi ya buɗe ajin da ya fi muhimmanci a aikinsa, ya faɗi ƙa'idar da ajin ke tsarewa, ya nuna wuraren da za a iya canza guraben, sannan ya faɗi abin da ke hana wanda ba shi da izini isa ga rumbun bayanan. Idan aka yi wannan a zango ɗaya, labarin zai isa ga 'yan aji uku kafin su zaɓi taken aikinsu, kuma za su rubuta kod ɗinsu da sanin cewa za a buɗe shi. Tambayar tana da wani amfani kuma, domin wanda ya sayi aikinsa a shagon buga takardu ko ya sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta masa ba tare da ya karanta ba, a nan zai tsaya.

Kuna da damar yin wannan a hukumance. Sabon tsarin manhajar karatu na CCMAS da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cika da abin da ya dace da yankinta, kwalejojin fasaha da ke ƙarƙashin hukumar NBTE kuma tun asali an gina karatunsu a kan aikin hannu. Misalan da ke cikin littattafan waje, na motoci da dabbobi da siffofin lissafi, ba su da ƙa'idar da karya ta zai sa wani ya yi asara, shi ya sa ɗalibi ba ya jin nauyin killace su. Asusun manomin shinkafa, da lissafin dillalin albasa a kasuwar Aliero, da rajistar magungunan ƙaramin asibiti a Yawuri ko Zuru, da makin jarrabawar da ba a yarda a canza ba bayan majalisar makaranta ta amince da shi, duk suna da irin wannan ƙa'ida, kuma ɗalibanmu sun san mutanen da abin zai shafa.

Mu da ke wannan sana'a a cikin gari a shirye muke mu ba da gudummawarmu. Duk sashen da ya buƙata, za mu iya kawo kod na gaske daga ayyukan da muka yi, bayan mun cire sunaye da bayanan masu shi, domin ɗalibai su duba su nemo inda aka bar ƙofa a buɗe, kuma za mu iya zama tare da kwamitin kare aiki idan dokar makaranta ta ba da dama. Ina roƙon shugabannin sassa su sa wannan magana a cikin ajandar taron sashe na gaba, kafin a raba wa ɗaliban shekarar ƙarshe malaman da za su duba ayyukansu.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya saka muku da alheri a kan hidimar da kuke yi wa 'ya'yan jama'a.

Wassalamu alaikum.

Ɗalibinku,
Mai rubuta manhaja,
Birnin Kebbi.